Keken Ƙofar Gidan Baffa

Ranar da aka ce an ɗauke ni, sai da na taka rawa a tsakar hostel da bokitin wanka a hannu, 'yan ɗakinmu suna buga mini murfin tukunya. Ba wani babban aiki ba ne fa, kar ku ɗauka kujera aka ba ni da fanka a kai. Wani ɗan ofis ne a nan Azare, ɗaki biyu da baranda, na masu aikin hana aurar da yara mata da wuri. Suna neman wadda za ta riƙa ɗaukar musu hoto da bidiyo duk ranar da ba ta da lacca. Ni kuwa ina aji biyu a kwaleji, kuma in dai harkar waya ce, duk sashenmu an sallama mini. Kafin malami ya rufe baki cewa an ɗage gwaji, na riga na baza a guruf. Shugabar ofishin, wadda kowa ke ce wa Madam, ta miƙo mini wayarta ta ce in gyara wani bidiyo da ya sha musu kai tun safe. Kafin ta shanye ruwan ledar da ke hannunta na mayar mata da shi an gama. Ta dube ni ta dubi wayar, ta ce in zo jibi.

Aka ba ni riga 'yar shara mai aljihu, irin wadda ake ɗorawa a kan hijabi, da tambarin shirin a ƙirji da gadon baya. Wallahi rigar nan ta sha selfi. Har lacca na so in shiga da ita, 'yan ɗakinmu suka ce in na yi haka sun daina tafiya da ni.

Tun a makon farko Madam ta zaunar da ni ta yi mini bayanin inda kuɗin aikin ke fitowa. Ta ce ba na Bauchi ba ne, ba kuma na Abuja ba. Wasu ƙasashe ne can nesa suke zubawa a asusu ɗaya don a daina aurar da ƙananan yara a duk duniya, sai a rarraba wa ƙasashe irin namu. Na Najeriya ya sauka a wani babban ofis, a gutsuro wa jihohi, jiha ta gutsuro mana. Kafin ya iso Azare ya zama man keke napep, da littattafan rubutu, da sabulu, da ɗan abin da ake ba ni. Ni dai ina ta gyaɗa kai ne kawai. In dai alat zai faɗo ƙarshen wata, ko daga duniyar wata yake zuwa ana tare.

Ofishin na yin abubuwa da dama. Ana tara iyaye mata a yi hira, ana zama da limamai da masu unguwanni, a sha lemo a ɗauki hoto. Amma abin da na gani da idona yana aiki, keke ne. Keke napep guda ɗaya, an manna masa tambarin shirin ƙato a baya da gaba. Kullum da safe ranar makaranta yakan shiga wata ruga da ke bayan Bulkachuwa, ya kwaso 'yan matan da suka gama firamare ya kai su ƙaramar sakandare, in an tashi ya mayar da su. Ba domin shi ba, tafiyar ta fi ƙarfin ƙafa, kuma babu uban da zai bar 'yarsa ta ratsa gonakin nan ita kaɗai. Mai keken wani dattijo ne mai yawan tsokana, ina ce masa Kawu, shi kuma bai taɓa kirana da komai ba sai 'yar jarida. In muka kafe a yashi sai ya ce 'yar jarida ta sauko ta tura, labarin ba zai gudu ba.

A cikin 'yan matan akwai wata doguwa siririya mai bakin tsiya, ita ce ke zama kusa da ƙofa kullum don ta ce sauran suna warin nono. Ita ma fa nonon take kaiwa kasuwa ranar da babu makaranta. Ranar farko da na gaishe su da Fulatanci, ta yi dariya har da hawaye, ta ce Anti don Allah ki bari, gaisuwarki kamar ana jan akuya zuwa mahauta. Daga nan muka ƙulla. Tana son karatu irin son da ni ban taɓa yi masa ba. In ta ga rubutu a jikin mota ko buhun taki ko ledar biskit, sai ta karanta shi da ƙarfi, ta tambayi abin da ba ta gane ba. Babanta kowa Baffa yake ce masa, ni ma na bi sahu. Mutum ne mai shiru, yana da 'yan shanu da gonar gero, kuma duk safiyar da na bi keken sai na same shi tsaye nesa kaɗan da ƙofar gida, ya saɓa sanda a kafaɗa, yana kallon wani gefe daban kamar keken ba wurinsa ya zo ba.

A ofis kowa ya san labarinta. Tun tana goye aka ce an ba ɗan yayan Baffa ita, auren zumunci, kuma da ta gama firamare aka fara maganar biki. Sai ga shi ba a yi ba, tana ta zuwa makaranta har ta shiga aji biyu. Madam in ta tashi alfahari, da ita take yi.

To ana nan, wajen tsakiyar damina, sai iska ta fara canjawa. Madam ta shiga yawan zama gaban kwamfuta tana taro da mutanen da ba ma gani sai murya, in ta fito fuskarta kamar ta sha maɗaci. Rannan ta tara mu a baranda ta faɗa mana gaskiya. Ƙasashen da ke zuba kuɗin sun ce su ma gidajensu na yoyo, za su rage. Asusun ya motse, ba zai ishi kowa ba, don haka kowane ofis sai ya nuna dalilin da zai sa a bar shi. Ta ce rahoto kowa na rubutawa, babu mai karantawa. Abin da ke taɓa zuciyar mutanen can shi ne su ga fuska. Suna son gajeren bidiyo, uba ya dubi kyamara da bakinsa ya ce da na yi niyyar aurar da 'yata, amma saboda wannan shiri na fasa. Tana gama faɗa duk muka ce Baffa.

Ni murna ma na yi. Na ce wannan ai cin tuwo ne. Na riga na tsara komai a kaina: shanu a baya, hasken hantsi a gefen fuska, 'yar sarewa a ƙasa-ƙasa, a ƙarshe yarinyar ta fito da kayan makaranta tana murmushi. Na ce wa 'yan ɗakinmu su shirya, bidiyona zai shiga ƙasar Turawa kafin ni.

Muka aika wa Baffa cewa Madam na zuwa gaisuwa da ɗaukar hoto, ya ce Allah ya kawo ta lafiya. Muka same shi ya sa farar riga wankakkiya da malfa, an shimfiɗa tabarma a gindin bishiyar maina, an kawo fura da nono a ƙwarya. Na kafa wayata a kan sandar ɗauka, na maƙala masa ɗan makirfon a wuyan riga, yana ta kallonsa kamar kaska. Ana cikin haka wani dattijo ya fito daga gidan da ke kusa, ya fi Baffa furfura, ya yi sallama ya zauna a bakin tabarmar. Baffa ya matsa ya ba shi wuri mai inuwa. Kawu ya raɗa mini cewa yayansa ne, uban yaron.

Madam ta fara da tambayoyi masu sauƙi. Baffa ya yi godiya ga hukuma, ya yi godiya ga mai keke, ya ce yaran ruga suna zuwa boko yanzu, Allah ya saka. Ya yi maganar ruwan bana, ya yi maganar wata cuta da ke kama kofaton shanu, ya ce in da hali a faɗa wa manya. Yana magana a nutse, Hausarsa da ɗan karin Fulatanci, hoton ya yi kyau ba kaɗan ba. Ni har na fara jin daɗi. Sai Madam ta gyara zama ta sako tambayar.

"Baffa, faɗa mana yadda aka yi ka fasa aurar da 'yarka ka bar ta a makaranta."

Ya dubi shanu, ya dubi ƙasa, ya kawar da wani ƙuda daga bakin ƙwarya.

"Ni ban fasa komai ba, Hajiya," in ji shi. "Keke ne yake zuwa."

Madam ta sake juya tambayar ta wata hanya. Ta ce ai kowa ya san shi uba ne nagari, 'yarsa na ƙoƙari a aji, me zai ce game da ita. Ya ce yaran duk suna ƙoƙari, na kowa da kowa. Ta ambaci sunan yarinyar, sai ya yi kamar iska ce ta wuce. Yayan nasa ya yi ɗan murmushi, ya juya ya tambayi Kawu yadda hanya take bayan ruwan shekaranjiya. Daga nan hirar ta koma kan hanya, ba ta sake dawowa ba. Muka sha fura muka yi godiya.

Na zagaya bayan gida don in ɗauki yarinyar, ko a samu abin haɗawa. Na tarar da ita tana wanke ƙore, ashe ta ji komai ta jikin zana. Ta ce Anti ke da Madam ɗinku kun ban dariya. Ta ce ita ce 'yar fari, tun da aka haife ta Baffa bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa yabonta a gaban mutum ba, in zai aike ta sai ya ce wa ƙanenta a faɗa wa waccan. Wannan na sani, ko a gidanmu akwai ɗan abin haka, na ɗauka dai gaban kyamara zai sassauta. Amma sauran da ta faɗa mini ban taɓa sani ba, kuma ina jin ko Madam ba ta san shi ba.

Ta ce Baffa bai taɓa ce wa yayansa a'a ba, ko sau ɗaya, kuma ba zai iya ba. Yayan ne ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya yi masa aure, shanun farko ma shi ya ware masa. Duk lokacin da yayan ya taso da maganar biki, abin da Baffa ke cewa ɗaya ne: ka ga mutanen hukuma suna turo abin hawa har ƙofar gida kullum, da hatiminsu a jiki, ni ina jin nauyin in ce su koma haka nan, a ɗan dakata su gama abin da suke yi. Shi kuma yayan sai ya ce haka ne, hukuma ba a ja da ita. Na ce to shi bai gane ba ne? Ta ce ya gane mana, ai ba yaro ba ne. Kowa ya gane. Amma muddin keken na zuwa, babu wanda ya ƙi wani, babu wanda aka kunyata, ana gaisawa ana cin abinci a ƙwarya ɗaya. In Baffa ya buɗe baki ya ce na fasa, a gaban duniya, to ya mari yayansa ne, kuma washegari sai an ɗaura auren don a wanke marin.

Na tambaye ta ita fa, me take so. Ta ɗaga kafaɗa. Ta ce yaron ba shi da laifi, yana ma sayo mata kankana in ya je kasuwa, watarana dai gidansa za ta. Ita kawai so take ta gama aji uku ta zana jarrabawa, in ta samu ta leƙa babbar sakandare ta ga abin da ke cikin littattafansu masu kauri. Ta ce ta taɓa buɗe na wata, ta ga hoton cikin ido an yanka shi biyu, har yau abin na ranta.

A hanyar dawowa na kwashe duka na faɗa wa Madam. Muka shigo gari. A ofis babu wuta, muka zauna muna fifita da kwali, muka kalli abin da na ɗauko daga farko har ƙarshe. Dattijo mai kwarjini yana maganar kofaton shanu. Madam ta dafe goshi. Can ta ce, mutanen can ai ba sa jin Hausa, fassarar da aka rubuta a ƙasan hoto suke karantawa. Su kuma mutanen ruga ba sa karanta Turanci. Ba ta ƙarasa ba, ni ma ban tambaya ba. Ta ce dai in haɗa iri biyu mu gani, ɗaya da abin da ya faɗa, ɗaya da abin da kowa ya san ya yi.

Na haɗa. Na biyun ya yi kyau har ya ba ni tsoro. Baffa na kallon shanu, a ƙasa an rubuta da Turanci cewa na zaɓi makaranta domin 'yata, sarewa na tashi a hankali. Ni da na haɗa shi sai da na ji ƙwalla. Madam ta ce kar a tura tukuna, ta kwana a kai.

Washegari na bi keken, 'yan matan suka dame ni sai sun ga Baffa a waya. Na buɗe musu, ban ma lura wanne na taɓa ba. Suka cusa kawuna suna dariyar malfarsa. Sai na ji muryar yarinyar tana bin rubutun ƙasan, kalma bayan kalma, da Turancinta na aji biyu, har ta kai ƙarshe. Ta ɗago.

"Anti, yaushe Baffa ya faɗi haka?"

Na ce gwaji ne kawai, ba a tura ba. Ta ce to kar a tura. Ta ce duk wanda ke cikin keken nan ya iya karanta wannan, har da ƙanwar yaron, ga ta nan a zaune. Kuma bidiyo ba ya zama inda aka ajiye shi. Samarin ruga in sun kai cajin waya kasuwar Bulkachuwa, da abin da duniya ke kallo suke dawowa, ko na wace ƙasa ne. Ranar da ya iso, wani zai ce a kira 'yan boko su karanta.

Na faɗa wa Madam. Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi, ta ce mu muka koya musu ai. Ta sa na goge na biyun a gabanta. Muka tura na gaskiyar, da fassararsa daidai: ban fasa komai ba, keke ne yake zuwa. Madam ta rubuta dogon bayani a ƙasa kan abin da maganar ke nufi a wurin mutanenmu, ta goge ta sake, ta goge ta sake, don wurin da aka ba mu na bayani bai fi tafin hannu ba.

Amsa ta zo bayan 'yan makonni, mai ladabi sosai. An gode da ƙoƙarinmu, an yaba, amma a wannan zagayen ba a kai gare mu ba. Na tambayi Madam ko bidiyon ne ya ja mana. Ta ce ba ta sani ba. Ta ce wani ofis a wata jiha sun tura uba yana kuka yana rungume da 'yarsa, su ma an rufe su. Wataƙila ma babu wanda ya buɗe namu. Wannan ne ya fi ci mini rai, wallahi. Da an ce laifin bidiyon ne, da na san abin da zan zaga.

Rufe ofis ashe shi ma aiki ne. Aka zo daga Bauchi aka kwashe kwamfuta da kujeru, aka karɓi rigunanmu. Dokar masu ba da kuɗin ce wai in shiri ya ƙare, kar a ƙara ganin tambarinsa a jikin komai, don kar wani ya yi abin da ba daidai ba da sunansu. Ni aka sa na ɗauki hoton Kawu yana ɓare na jikin keken, shaidar cewa an cire. Da ruwan zafi da reza ya yi ta kankarewa, yana cewa 'yar jarida ɗauki da kyau, yau keke ya yi ritaya. Inda tambarin yake ya bar wani fili mai haske, fentin wurin bai koɗe ba kamar sauran.

Ni ban yarda an gama ba. Na ce ai ba Turawa kaɗai ke da kuɗi ba. Na buɗe wuta a waya, sitatus, guruf na sashe, guruf na 'yan makarantarmu ta da, har na 'yan uwa da ake tura wa'azi da sanarwar suna. Na rubuta da Hausa na rubuta da Turanci, ban sa sunan kowa ba, ban sa fuskar kowa ba, keken kawai daga baya. Abin ya zagaya fa. Laik kamar ƙasa, kwamen kuwa kowa Allah ya kawo mafita, Allah ya ba da lada, gaskiya abin tausayi. Wani ya ce ai aikin Yahudawa ne dama, gara da aka rufe. Wani ya biyo ni ta gefe yana tambaya ko ina da saurayi. Waɗanda suka sa hannu a aljihu 'yan ajinmu ne, waɗanda na san garin kwaki suke jiƙawa da rana, da wata malamarmu, da Madam kanta da ba ta da aiki a lokacin. Abin da aka tara ya sayi mai na ɗan lokaci. Kawu ya ce a bar maganar ladansa, a zuba mai kawai.

Keken ya ci gaba da zuwa, ni kuma na koma rawar kai, ina cewa mun yi maganin abin. Sai ranar da na bi shi na ga Baffa ba ya wurin tsayuwarsa. Yarinyar ta shigo ta zauna, ba ta tsokani kowa ba. Da muka yi nisa ta ce yayan Baffa ya tare Kawu jiya, ya gaishe shi da kyau, ya shafa wurin da fentin ya fi haske, ya tambaya yanzu wa ke turo keken. Kawu ba ya ƙarya, ya ce wasu ɗalibai ne suka haɗa kuɗin mai. Dattijon ya ce Allah sarki, yaran kirki, Allah ya yi musu albarka. Da yamma ya shiga wurin Baffa ya ce ashe hukuma ta gama nata, yanzu yara ne ke wahalar da kansu, bai kamata a bar 'ya'yan mutane suna hana cikinsu saboda mu ba.

Abin da ban taɓa kawowa a raina ba ke nan. Ni mai nake nema. Ashe abin da ke riƙe da komai ledar tambarin nan ce da aka kankare da reza.

Ba a daɗe ba man ma ya ƙare. Keken ba mallakin Kawu ba ne, akwai wanda yake kai wa kuɗin balas kullum, dole ya koma ɗaukar fasinja a cikin gari. In muka haɗu a hanya yakan danna mini hon, amma ya daina kirana 'yar jarida. Wasu daga cikin 'yan matan aka ce an samo musu wurin zama a gidajen 'yan uwa kusa da makaranta. Ita ban ji komai ba. Wayar gidansu ta innarta ce, sai ranar kasuwa ake cajinta, in na kira a kashe.

Wata ranar kasuwar Azare, bayan azahar, mai gadin hostel ya aiko cewa wani Bafulatani na sallama da ni. Na fito na ga Baffa can nesa da ƙofa, a gindin katanga, ƙafafunsa duk ƙura. Ya kawo rago kara ne, kasuwar dabbobi, ya sayar, ya yi ta tambaya har aka nuna masa kwalejin. Na durƙusa na gaishe shi. Ya tambayi karatu, ya tambayi iyayena, ya tambayi Hajiya. Ya ce masu littattafai na gida suna gaishe ni, na gane 'yarsa yake nufi. Ya daɗe yana juya sandarsa kafin ya kai ga abin da ya kawo shi.

"Malama, ko babu keken. In da mutum ɗaya zai zo da rigar nan taku, ya gaida Yaya, ya ce masa maganar tana hannun hukuma har yanzu. Gaisuwa kawai."

Na ce masa an karɓe rigunan. Na ce ofishin ma yanzu wani mai sayar da taki ne a ciki. Na ce bari in kira Madam. Na kira ta a gabansa, tana Bauchi tana neman aiki. Ta ce ko da rigar na hannunta ba za ta iya zuwa ta ce hukuma na nan alhali ba ta nan ba, kuma dattijon ba wawa ba ne, zai tambayi ina keken. Ta ce ta tura takardar neman tallafi wani wurin daban, sun ce sai baɗi za su duba. Ta ce in gaishe shi, in ba shi haƙuri.

Na faɗa masa duka, ban rage ba. Ya gyaɗa kai. Na tambaye shi ko akwai lokacin da aka sa. Bai dube ni ba, ya ce Yaya ya ce in an kawar da amfanin gona za a zauna a yi magana. Ya ce kafin nan zai iya cewa aiki ya yi yawa. Bayan nan kam bai san abin da zai ce ba.

Na rasa abin yi, sai na ce ko in sayo masa ruwan sanyi. Ya ce a'a, motarsu ta kusa cika. Ya saɓa sandarsa, ya ce in an samu wani labari daga mutanen can in aika ta wurin mai keken, ya san gidan. Na ce to Baffa, in sha Allahu.

Makon jiya aka fara yankan gero a gonakin hanyar Bulkachuwa. Ban aika komai ba, don babu abin da ya zo.